Sili Uku a Ƙofar Harrison

Talata, 1 ga Yuli, sha ɗaya na safe

Namiji ne! Blessing, matar ɗana Joshua, ta sauka lafiya yau da tara saura kwata. Na rubuta lokacin da gawayi a bangon ɗaki kafin in tuna ina da wannan littafi. Shekarata sittin da takwas, sai yau aka kira ni Kaka, mai ƙosan bakin layi ce ta fara. Na yi rawa a tsakar gida har hulata ta faɗa bokitin wanki.

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin yamma a nan Kakuri. Mu tashi daga masaƙa, hannu duk rini, mu matsu a kan bencin yara. Mutane suna ta tambaya me tsoho zai yi da boko. To ga amsa: don in rubuta jikana da hannuna. Jikana. Jikana.

Maman Joshua ta ce, "Baban Joshua, ka yi a hankali." Na ce a hankali da me? Joshua yana ɗakinsa. Na gaya masa ta taga, ya ce, "To, Baba."

Laraba, 2 ga Yuli, biyar na yamma

An sallamo Blessing zuwa gidan iyayenta a Barnawa, can za ta yi wankan jego. Na ɗebi matan zumuntar ikilisiya shida a keke napep biyu, da tulunsu na kiɗa da kacau-kacau, muka sauka a bakin layi muka ƙarasa da waƙa. Ni ne a gaba.

Hoton Tony, ƙanin Blessing, yana nan manne a jikin get tun ranar jana'izarsa. Ba zan ce ban gani ba. Ramukan ƙafar rumfa ma ba su cike ba. Yau kwana goma sha tara da binne shi.

Harrison, mahaifinsu, ya fito da singileti da zani a wuya. Shekara huɗu yana kira na Suruki. Yau ya ce, "Ishaya, biki ka kawo mini?"

Na ce, "Suruki, Ubangiji ya ba mu ɗa."

Ya ce, "Ya ba ka." Ya ja get ya sa sakata.

Daga ciki na ji kukan jariri, murya mai ƙarfi, irin ta gidanmu. Matan suka rufe tulun da mayafi kamar abin sata, muka juyo.

Alhamis, 3 ga Yuli, safe

Ban yi zagi ba, ban yi sata ba. Murna na yi.

Asabar, 5 ga Yuli, azahar

Na koma ni kaɗai, ba waƙa. Na ƙwanƙwasa sau uku. Labulen taga ya motsa. An yi ruwa, na tsaya a ƙarƙashin rumfar mai faci har ya ɗauke.

Joshua bai ci abinci ba.

Talata, 8 ga Yuli, huɗu na yamma

An yi suna da safe. A bakin maƙwabciyarsu muka ji. Tun watan Maris na ajiye sunan mahaifina, Bobai, har na koyi rubuta shi da manyan baƙaƙe masu kyau. Ba wanda ya tambaye ni.

Sun sa masa sunan marigayin.

Blessing ta kira Maman Joshua a ɓoye, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce babanta ya fara ɗaure kaya. Tun bara ya yi ritaya, yanzu ya ce ya gama da Kaduna. Da an yi arba'in za su koma garinsu Pankshin, da ita da yaron. Ta ce ba ta da ƙarfin musu, mamanta ba ta barin kowa ya ɗauki jaririn, ko wanka ita ke yi masa tana kuka.

Na duba kalanda. Sha ɗaya ga Agusta. Idan ban riƙe shi kafin ranar ba, ban san lokacin da zan riƙe shi ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, yamma

Fasto ya je. Da Harrison ya ba shi kujera, maganarsa ta farko ita ce, "Ɗan'uwa, Ubangiji ya ce mu yafe." Harrison ya ce ya gode, ya raka shi har titi. Duka minti goma.

Litinin, 14 ga Yuli, shida na yamma

Gidan ya ishe ni, na ƙetare gada zuwa Tudun Wada wurin Malam Ibrahim tela. Tare muka yi shekara ashirin a sashen rini, tare muka zauna a ajin yamma, shi a gaba ni a baya. Da can a unguwar Makera yake, hayinmu. Tun rikicin shekarar dubu biyu ya koma hayin can, kamar yadda namu suka dawo hayin nan.

Yana hango ni ya ce, "A'a, ɗan bayan aji! An ce ka yi jika, shi ne ka rame? Wasu ƙiba suke yi."

Na ba shi labarin get da tulu. Ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Da matan zumunta? Su shida? Ishaya, ko ni da ban rasa kowa ba da ka zo mini haka sai na kira 'yan sanda."

Ban yi dariya ba. Sai ya sunkuya ya ɗaga ƙafar kekensa ya zaro wasu takardu da ya naɗe ya tokare ta da su. Ya ce bara an tura shi wani taron zaman lafiya a madadin unguwarsu, kwana uku, an ba su shinkafa da riga da waɗannan takardu. Shinkafar ta wuce, rigar ta koma tsumman goge mai, takardun ne kawai suka yi amfani, don keken ya daina rawa. "Amma akwai wasu mutane a ciki," in ji shi, "da suka san abin da ake yi wa wanda aka yi wa mutuwa. Irokwa. Mutanen Amurka na asali, tun kafin Bature ya je."

Shafi goma sha biyu ne da Turanci. Muka zauna muna bi da yatsa kamar da. In na tsaya ya ja ni, in ya tsaya in ja shi, in muka tsaya tare mu tsallake.

Talata, 15 ga Yuli, safe

Na zo da takardun gida. Ga abin da na gane.

Ƙabilu biyar ne: Mohok, Onaida, Onondaga, Kayuga da Seneka. Daga baya ta shida ta shigo. Su ba sa kiran kansu Irokwa, suna cewa Hodinoshoni, wato mutanen dogon gida. Sun daɗe suna kashe juna, a kashe naka ka kashe nasu. Sai wani mutum ya zo da maganar sulhu, wanda har yau ba sa ambaton sunansa a hira saboda girmamawa. Aka ce sun tuge wata babbar itaciya suka zuba makamai a ramin, suka mayar da ita. Suka ɗauki ƙasarsu duka a matsayin gida ɗaya mai tsawo, wannan yana tsaron ƙofar gabas, wancan ta yamma, na tsakiya yana riƙe da wutar taro. Iyaye mata ke zaɓen sarakuna, su ke kuma tuɓe su.

Ƙabilu biyar, da jini a tsakaninsu, suka zauna gida ɗaya. Mu gida biyu ne, da jariri a tsakani.

Laraba, 16 ga Yuli, azahar

Shafi na huɗu ya hana ni cin tuwo. Kafin sulhun, idan aka kashe wa gida mutum, uwar gidan za ta ce a je a kamo mata wani daga can ɗaya ɓangaren. A kawo shi, a sa masa sunan mamacin, ya zauna a mazauninsa, ya ci a kwanonsa. Ba don ƙasa suke wannan yaƙin ba, don gurbi ne.

Na karanta wa Maman Joshua. Na ce, "Kin ji? Abin da Harrison da matarsa Celina suka yi mana ke nan. Sun kama namu sun cike gurbin nasu."

Ta ce, "Rufe takardar nan. Jikansu ne su ma."

Na ce to ni ba jikana ba ne?

Ta ce, "Naka yana ɗaki yana numfashi." Ta ɗauki kwano ta fita.

Joshua bai ci ba. Takalmin da na sayo masa yana nan a leda. Tun ranar da ya dawo daga hanyar Kachia ba takalmi bai sake sa komai a ƙafa ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, yamma

Na samu abin da nake nema. Sun ce mai baƙin ciki ba ya gani, ba ya ji, ba ya iya magana, don haka banza ne ka kawo masa wata buƙata. Dole sai an fara da kalmomi uku. Ana tarbar mutum tun a bakin daji, kafin ya shiga gari. A ce, hawaye sun rufe maka ido, mun share. Ƙura ta toshe maka kunne, mun cire. Wani abu ya tsaya maka a maƙogwaro, mun kawar. Kowace magana da silin tsakiyarta, irin ta ado, wadda suke sassaƙawa daga katantanwar teku, fara da shunayya. In an faɗi magana sai a miƙa silin, don kada ta zama iska.

Wai wanda ya fara wannan uba ne da ya rasa 'ya'yansa mata duka. Ya zauna shi kaɗai a jeji ya jera tsakiya a sili ya ce, da zan ga mai baƙin ciki irin nawa, da haka zan yi masa.

Shekara nawa muna taron zaman lafiya a garin nan. A jera manya a kan teburi, a sha hannu, a ɗauki hoto, a saki tattabara. Ban taɓa ganin wanda ya fara da share wa wani ido ba. Fasto ma ta maƙogwaro ya shaƙe mutum.

Na tsinke abin wuyan Maman Joshua na zuwa sujada, mai farar tsakiya. Na yi sili uku. Ba ta sani ba tukuna.

Asabar, 19 ga Yuli, uku na rana

Na je.

Asabar ɗin dai, shida na yamma

Bari in rubuta.

Na same shi a waje yana ɗaure katifa da igiya. Na tsaya nesa, a bakin kwalbati, na ce wannan shi ne bakin dajina. Na ɗaga sili na farko na ce, "Suruki, hawaye sun rufe maka ido. Na zo in share."

Ya dube ni, ya dubi tsakiyar. Ya ce, "Mene ne wannan? Ka shiga tsafi ne kuma?"

Na ce al'adar wasu mutane ce masu hikima, na karanta.

Ya ce, "Ka karanta." Ya saki igiyar ya matso har ina jin numfashinsa. "Kai za ka share mini hawaye? Kai? Ishaya, wa ya zauna a kujerar can ya roƙi motata? Wa ya ce hanya lafiya lau, ya tambayi direbobi?"

Na sauke silin.

Ya ce, "Kuma na san abin da ke bayan wannan sarƙar taka. Sili uku, na huɗu a ba ka jariri."

Gaskiya ya faɗa. Na huɗun yana bakina, har na shirya yadda zan faɗe shi.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan sujada

Maman Joshua ta nemi abin wuyanta. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Na aurena ne." Ba ta ƙara ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini.

Talata, 22 ga Yuli, safe

Saura kwana ashirin.

Alhamis, 24 ga Yuli, biyar na yamma

Na mayar wa Malam Ibrahim takardunsa. Na ce ya tokare kekensa, abin da suka iya ke nan. Mutanen nasa ba su san Harrison ba.

Ya buɗe yana dubawa, ya ce, "Ka karanta shafi na bakwai?"

Na ce man keke ya ɓata shi.

Ya ce, "Rabi ya ɓata. Kai dai halinka na aji bai canza ba, ka ga amsa a ƙasa ka kwafa, ba ka karanta tambaya ba." Ya sa tabarau ya ɗaga takardar wajen haske, muka bi.

Ashe sun raba kansu gida biyu, suna zama wuta a tsakani. In mutuwa ta faɗa wa ɓangare ɗaya, ɗayan ne ke tashi ya yi ta'aziyya. Suna kiran su masu sararin zuciya, waɗanda abin bai taɓa ba. Wanda ke cikin makoki ba ya share wa ɗan'uwansa na makoki ido. Kuma ba a haɗa ta'aziyya da roƙo. Kuma in an kawo magana mai nauyi, ba a amsa ta a ranar, sai an kwana a kanta.

Na ce ni ai ba a yi mini mutuwa ba, zuciyata a sarari take, ni da na yi rawa.

Ya ce, "Wanda zuciyarsa ke sarari ba ya kai tulu gidan makoki. Me ka je rufewa da kiɗan nan?"

Na tashi na tafi ban yi masa sallama ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, safe

Tela ne kawai. A aji ma da ƙyar ya wuce ni.

Asabar, 26 ga Yuli, azahar

Takardun suna aljihun rigata, ashe ya cusa mini su ban lura ba. Na karanta ƙarshensu. Sulhun nasu ya yi ɗaruruwan shekaru. Turawan Faransa da na Ingila sai da suka koyi miƙa tsakiya kafin a saurare su. Sai yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Turawan da suka zauna a ƙasar, kowa ya ja su. Wasu suka bi wannan, wasu suka bi wancan, aka rufe wutar taro. A shekarar 1779 soja suka bi garuruwansu suka ƙone gidaje da gonakin masara. Yau wasu suna Kanada wasu suna Amurka, iyaka a tsakani.

Na ji daɗi da na karanta, Allah ya gafarta mini. Na ce su ma ga inda tasu ta ƙare, hayin nan da hayin can.

Amma layi na ƙarshe ya ce suna nan har yau, sun sake hura wutar, kuma in sarkinsu ya mutu har yanzu ɗaya ɓangaren ne ke zuwa da silin.

Litinin, 28 ga Yuli, huɗu na yamma

Na lissafa wa zan aika. Fasto ya riga ya ɓata tasa. Dattawan ikilisiya rabinsu sun ɗauki akwatin Tony, rabinsu matansu ne suka bi ni da tulu. Duk hayin nan ba wanda abin bai taɓa ba.

Joshua ya fito ya zauna a bakin rijiya, ya koma.

Laraba, 30 ga Yuli, yamma

Na koma Tudun Wada. Na ce, "Malam, kai ne ɗaya ɓangaren."

Ya ce, "Ni? Da wannan gemun in shiga Barnawa in ƙwanƙwasa gidan wanda 'yan bindiga suka yi wa wannan aiki? Ka san abin da zai gani in ya buɗe."

Na ce na sani.

Ya ci gaba da taka keke ba zare. Can ya ce ƙaninsa ya rasu a rikicin dubu biyu, a kan gadar nan, ba wanda ya zo daga hayinmu ya yi masa gaisuwa. Na ce ni ma ban zo ba. Ya ce, "Na lura." Shekara ashirin da biyar muna shan shayi tare, bai taɓa faɗa ba.

Ya ce zai je, da sharaɗi biyu. Ba zai ambaci jariri ba ko da kalma ɗaya. Kuma ba zai ɗauki saƙon mutumin da bai san me ya yi ba, sai na gaya masa da bakina.

Na gaya masa.

Alhamis, 31 ga Yuli, safe

Ni na ce su tafi. Akuya da acca nake so daga ƙauye, na suna, saura wata guda a haihu. Joshua ya ce, "Baba, a bari hanya ta lafa." Na ce jikana na fari ba zai ci naman kasuwa ba. Tony ya bi shi ne don motar ta babansa ce. A hanya 'yan bindiga suka tare su, Joshua ne kaɗai ya dawo da rai.

Na rubuta. Ga shi nan.

Asabar, 2 ga Agusta, biyar da rabi na yamma

Na raka Malam Ibrahim har rumfar mai faci, na zauna a kan taya. Ya sa farar riga da hula, silin uku a aljihu. Ya shiga sha ɗaya, bai fito ba sai biyu saura. Sallar azahar a gefen titi ya yi ta, masu wucewa suna kallo.

A keke ya ba ni labari. Harrison ya tsaya a get ya ce, "Wa ya aiko ka?" Ya ce, "Ishaya ne ya roƙe ni, amma ba na Ishaya na kawo ba. Ni Ibrahim ne, tela, na taɓa binne ƙani. Na ji an yi maka rashi." Harrison ya ce ba ya son wasan kwaikwayo. Sai Celina ta yi magana daga ciki ta ce, "Bar shi ya shigo."

Malam Ibrahim ya ce bai yi ta yadda take a takarda ba, ya ji kunya. Ya ajiye sili na farko a kan teburi ya ce, "Mama, wannan na idonki ne." Na biyu, na kunne. Da ya ajiye na uku, na maƙogwaro, sai kawai ya tambaye ta, "Wane irin yaro ne?"

Awa biyu tana magana. Yadda Tony ke cin wake da burodi, yadda ya karya hannu a kan mangwaron maƙwabta, yadda ya yi alkawarin saya mata firji. Ta ce tun da abin ya faru kowa yana zuwa ya ce ta yi haƙuri, ba wanda ya ce ta ba shi labarinsa. Harrison yana tsaye a bakin ƙofa, bai zauna ba, bai kuma fita ba.

Na ce, "To, yaron fa? Ka gan shi? Da wa yake kama?"

Ya ce, "Yana bayanta a goye. Ban leƙa ba."

Na ce me suka ce?

Ya ce, "Ɗan bayan aji, shafi na bakwai."

Lahadi, 3 ga Agusta, yamma

Shiru.

Talata, 5 ga Agusta, safe

Shiru. Saura shida. An ce babbar mota ta zo ta kwashe kujeru da gado.

Laraba, 6 ga Agusta, azahar

Irokwa kwana ɗaya suka ce. Waɗannan nasu ya fi na Irokwa.

Na shiga ɗakin Joshua na zauna a bakin katifa. Ya ce, "Baba, na ji Tony yana kira na. Ban tsaya ba." Na ce, "Ni na tura ku." Muka zauna. Ba mai share wa wani a cikinmu.

Asabar, 9 ga Agusta, huɗu na yamma

Celina ta aiko maƙwabciyarta da ƙullin hankici. Sili biyu ne a ciki. Saƙon shi ne: ta ga Malam Ibrahim, ta ji shi. Na ukun ta riƙe, don har yanzu ba ta da abin da za ta ce mini. Tafiya tana nan. Litinin da bakwai na safe, garejin motoci na unguwar Television, motar Jos. In zo ni kaɗai.

Na ce wa Maman Joshua wannan ai ba sulhu ba ne, sallama ce. Ta ce, "Ka aske gemunka, kada ka soke shi."

Litinin, 11 ga Agusta, sha biyu na rana

Tun shida ina can. Sun zo bakwai da kwata. Harrison ya shige gaba ya zauna bai dube ni ba. Blessing ta durƙusa ta gaishe ni, ta rame ƙwarai. Ta ce, "Baba, Joshua yana cin abinci?" Na ce yana taɓawa. Ƙarya na yi.

Celina ta kwance goyo. Ta ce, "Zauna." Na zauna a kan buhun wani. Ta ce, "Har mota ta cika." Ta ɗora mini shi.

Ba shi da nauyi. Goshin Joshua ne, kunnen ba namu ba ne. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni kamar mai neman sanin wa ya tashe shi, ya kama yatsana, wanda rini bai taɓa fita daga farcensa ba. Na shirya addu'a mai tsawo, ta gudu. Abin da ya fito kawai, "Sannu. Sannu da zuwa."

Ɗan kamasho yana ta ihu, "Jos, saura ɗaya! Jos, mutum ɗaya!" Duk rayuwata in na shiga gareji roƙona mota ta cika. Yau duk wanda ya doso da jaka sai in ce Ubangiji, Kafanchan za shi, Makurdi za shi. Mutum huɗu suka wuce. Fasinjoji suna tsaki, ni ina godiya.

Minti ashirin da shida. Wata mata ta zo da jarkar manja.

Celina ta miƙo hannu. Na ɗora shi a kafaɗa sau ɗaya kafin in ba ta, ya yi mini tumbuɗi a wuyan riga. Na ce, "Ka sauka lafiya, Tony." Wuyan Harrison ya motsa, amma bai juyo ba. Ba wanda ya ce in zo Pankshin, ba kuma wanda ya ce kada in zo. Motar ta fita ta bi bayan wata tirela, ban ƙara ganinta ba.

Da na iso gida Maman Joshua ta ga kafaɗata ta ce in cire ta jiƙa kafin ya bushe. Ina cikin ɓalle maɓalli ƙofar Joshua ta buɗe. Ya tsaya, ƙafa ba takalmi, ya ce, "Baba, nasa ne?"

Na ce nasa ne.

Ya ce, "Ba ni rigar."

Na ba shi. Ya shiga da ita ɗaki ya rufe ƙofa.